Kaskon Wutar Inna

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni ce Asabe daga Wara.

Na ji kuna cewa Amurka da Chaina na rige-rigen gina gidaje a duniyar wata. To, ni an taɓa kai ni sabon gari. Ina yarinya aka tashe mu saboda ruwan madatsar Kainji zai cinye garinmu, aka ba mu gidajen siminti a jere.

A tsohon garinmu, kullum da safe Inna kan ɗauki kasko ta ɗebo garwashi a gidan maƙwabciyarmu Ladi, su gaisa, su yi dariya. Washegarin tashinmu ta fito da kaskonta, ta tsaya tana duban ƙofofi, duk iri ɗaya, ba wadda ta sani. Su Ladi an kai su ƙetaren ruwa. Har Inna ta rasu ba su sake haɗuwa ba.

Jikata ta ce a wata ko wuta ba ta kamawa. Don Allah ku tambayar mini masu tseren nan: wanda ya riga isa, gidan wa zai shiga da safe?

In akwai jinin Ladi da ke saurare, ina gaishe ku. Kaskon yana wurina.