Katin Asibitin Yaya Hadiza

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, barka da aiki. Ni ɗaliba ce 'yar aji shida a sakandare, daga Azare.

Bara yayata Hadiza ta rasu. Ita ce 'yar fari, don haka Inna ba ta faɗin sunanta saboda alkunya. A katinta na asibiti an rubuta cewa akwai allurar da jikinta ba ya karɓa. Ranar da ciwo ya tashi Baba yana Jama'are, Inna ce ta kai ta asibiti. Mai kati ya tambayi suna, Inna ta sunkuyar da kai ta ce, "Rubuta Uwani," sunan da take kiranta da shi. Aka buɗe sabon kati, aka yi mata wannan allurar.

Na san kwana ne ya ƙare, amma har yau Inna ba ta yafe wa kanta ba.

Na ji ana karatun adana bayanan marasa lafiya a kwamfuta, kuma shi nake so. Baba ya ce, "Ke da ba ki taɓa kunna kwamfuta ba? Yi nas kawai." Gaskiyarsa, ta makarantarmu tana ofishin shugaba, an lulluɓe ta da zane.

Don Allah Malam, a ina ake koyarwa? Kuma me zan ce wa Baba kafin a rufe sayar da fom ɗin shiga makaranta?