Gangar Fara

A tashar motar garin Sirsa, tsoho Ramphal na zaune rungume da gangar da ya kawo aka sauya wa fata. Wani mai tallar maganin feshi ya zauna kusa da shi.

"Baba, bikin wa ake yi?"

"Bikin fara mai cinye amfanin gona. An ce ta ƙetaro daga jihar Rajasthan, ga audugata ta fara fure. Doka ta ce in an buga ganga, kowane namiji ya fito korar fara, ko a ci shi tara."

Mutumin ya yi dariya. "Wannan dokar ai ta girme ni. Mantawa aka yi ba a soke ta ba. Sayi magani ka fesa, ka huta."

"In na fesa, ina za ta sauka?"

"Gonar maƙwabcinka mana. Shi ma ya saya."

Ramphal ya shafa fatar gangar. "Wancan zuwan nata na buga. Maza duk suna birni. Mata ne suka fito da kwalliya, sun zaci ango ya iso. Haka muka kore ta, da gyale da faranti."

"A wane ƙauye ne haka?"

"Kherpura."

Dariyar mutumin ta ɗauke. "Gonar mahaifiyata na can, bayan magudanar ruwa. Tsohuwar ita kaɗai ce, ba kowa tare da ita."

"To in na buga za ka fito?"

"Baba, daga nan ba a jin ganga."

Ramphal ya ɗaga sanda ya doke ta sau ɗaya, har 'yan tasha suka waiwayo.

"Ga shi ka ji."