Shafi Sittin Da Ba Wanda Ya Karanta

Shugaban wannan zama, shugabannin ƙungiyar masu rubuta jagorar wasannin bidiyo, malamai, manyan baƙi, 'yan'uwa maza da mata, har da na baya da ke tsaye don kujeru sun ƙare, assalamu alaikum.

Ina godiya da kuka tuna da ni, ko da yake na san wanda aka fara gayyata ne bai samu zuwa ba. Ba komai, na saba. Shekara ashirin na yi ina koyar da nahawu kafin makarantarmu ta rufe, na yi tara ina rubuta wa wani ƙaramin kamfani jagorar wasanninsa. Abin da zan faɗa, a jikina na koye shi.

Magana ta farko: rubutu ya zama daidai bai isa ba. Na taɓa rubuta shafi sittin kan wani wasa da matafiyi ke ratsa rusasshen birni. Babu kuskure ko ɗaya: danna kaza, yi taku kaza, juya dama. Shugabarmu, sa'ar 'yata, ta kira ni ofis ta juyo mini da kwamfuta. Ta ce, “Baba, mutum dubu suka buɗe. Zuwa shafi na uku saura goma sha ɗaya, kuma ina zargin biyu daga ciki kai ne.” Ta ba ni mako biyu: ko a karanta, ko a ba wani aikin.

Magana ta biyu, laifin namu ne, mu masu wannan sana'a. Mukan buga wasa sau hamsin har mu haddace shi, sannan mu zauna mu rubuta hanyar mutumin da bai taɓa faɗuwa ba. To wa ke buɗe jagora? Wanda ya faɗi ne, wanda ransa ya ɓaci, wanda ya kusa jifa da wayar. Wanda ya wuce lafiya ba ya nemanmu.

Ban gane haka ba sai a shagon ƙanin matata, tela ne. Na tarar ya bar keken ɗinki, awo rataye a wuya, yana ba abokin aikinsa labarin wata gada da ke cikin wasan nan. Yana cewa, “Sau goma sha bakwai ta watsar da ni. Katako na uku munafuki ne, sai ƙyalli kamar sabo. Ina tsaye ina zaginsa na lura tsuntsu ba ya sauka a kansa. Inda tsuntsu ya sauka, nan za ka taka.” Na ce masa ai wannan yana shafi na arba'in da ɗaya. Ya ce, “Haba Malam! Ko yayata da ta yi shekara talatin tana haƙuri da kai ba za ta kai can ba.”

Magana ta uku ita ce yadda ake yi. Ku fara daga inda mutum ya maƙale. Ku faɗi yadda kuka faɗi, da abin da ya yaudare ku, sannan ku saka umarnin a daidai inda ƙafa za ta taka. Kada ku tona masa ƙarshen wasan, nasa ne. Kuma labarin da bai tsallakar da shi ba, surutu ne, ku goge.

Haka na sake rubutun a kwana goma sha biyu, aka karanta har ƙarshe. Shugabar ta yaba ƙwarai. Wata na zagayowa ta raba salon ga mutum uku da suka fi ni saurin hannu, ni kuma aka miƙo mini takardar godiya a ambulan. Shi ya sa kuka same ni yau, ranar aiki, ƙarfe goma na safe.

Allah ya sa wa alƙalaminku albarka, ya ba ku masu karatu, ya haɗa ku da shugabannin da ke tuna wanda ya fara. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.