Gola na Uku

Direba ya ƙure rediyo a tashar Wurno, aka karanto sunayen 'yan wasan da wani kulob ɗin ƙasar nan zai kai gasar Afirka. Ina zaune ina ji. Wani dattijo a gefena ya gyara hula.

"Gola na uku!" in ji direba. "Wai Bashar ɗan garin Tursa. Mi za shi yi can? Zaman benci da ɗaukar ruwa."

"Jirgi dai za shi hau," in ji dattijon. "Kai ka taɓa wuce Sakkwato?"

"Baba, sai gola biyu sun karye kahin shi taɓa ƙwallo."

"Uwatai na can tana roƙon Allah."

Direba ya kashe rediyo.

"Kai ka haihe shi?"

"Ni na haihe shi."

"Haba, Baba, ai wasa nikai! Yaron kirki, wallahi. Musaddiƙ nawa ma gola na, sau biyu suna koro shi daga wurin gwaji. Ba ni lambar Bashar, shi yi mai hanya."

Dattijon ya dube shi sama da ƙasa.

"Ba ni badawa."