Kujerar da Aka Zana a Kwance

A tashar motocin haya ta trotro da ke Nima, Ziblim mai rubutun allunan shaguna yana ta hararar bangon da 'yan unguwa suka sa wata matashiya ta zana kayan sarautar Kumasi da Turawa suka kwashe lokacin yaƙi.

"Hajiya, dubi abin kunya," ya ce wa matar da ke gefensa. "Shekara talatin ina fenti, ba wanda ya neme ni. Ita ko kujera ta kasa tsayarwa!"

"Malam, a Kumasi na girma. Haka Asante, mutanen Kumasi, suke kwantar da kujera idan mai ita ba ya nan."

Ziblim ya shafa burushin da ke aljihunsa. Da shi aka ba aikin, a tsaye zai zana ta.

"To wa ya gaya mata?" ya tambaya da ɗaci.