Bijimin da Ke Kiwo a Barmu

A tashar Tawa ana jiran motar Kalfu ta cika. Wani dattijo ya leƙa wayar saurayin da ke zaune kusa da shi.

"Samari, mi kaka kallo tun ɗazu? Ƙwallo?"

"Kasuwar hannun jari ta Abijan ce, Baba. Kore ya hau, ja ya sauka."

"Wannan ai caca ce. Ni in zan sayi rago, sai na buɗe baki na ga haƙora. Kamfani ina bakinai?"

"Shi ma ana duba shi. Ribar bara, tsadar kaya, har damina."

"Dukiyar da ba ta kuka, ba ta cin dusa. Allah shi kyauta."

Dattijo ya gyara rawani. Can sai ya ƙara matsowa.

"Kamfanin wayar nan fa, wane launi gare shi yau?"

"Kore shar."

"Alhamdu lillahi, ashe mun hau."

"Mun hau, Baba?"

"Ɗana Muktari ya matsa mini daga Abijan, na sai da bijimi na zuba kuɗin a kamfanin. Rage murya, Hajiyata tana gidan gaban mota. A saninta bijimin shina kiwo a Barmu."