Guron Kaka Bisa Gilashin Sola

SAHABI: Salamu alaikum. Kaka? Kaka Turai, kina ji na?

TURAI: Wa alaikumus salam. Wa na?

SAHABI: Ni na, Sahabi, jikanki. Daga makaranta, Sakkwato.

TURAI: Au, ashe kana da rai. Ina wuni?

SAHABI: Ni ya kamata in gaishe ki, Kaka. Ina wuni, ina gajiya?

TURAI: Ya kamata, amma ba ka yi ba sai da nay yi. Lahiya lau. Ƙaƙa karatu?

SAHABI: Alhamdu lillahi. Ƙaƙa mutanen Kwargaba? Baba Lawwali da iyalinai?

TURAI: Duk lahiya. Shina hwadama wurin albasa. Kana sallah kan lokaci?

SAHABI: Ina yi, Kaka.

TURAI: Asuba nike tambaya, ba azahar da kowa ka gani ba.

SAHABI: Har asuba. Ƙaƙa ƙahwar taki?

TURAI: Mi kac ce? Wayar ga tana ƙugi kamar an sa ƙudan zuma ciki.

SAHABI: Ƙahwa! Ciwon ƙahwa!

TURAI: Kada ka yi mani tsawa, ba kurma nike ba. Ta yi sauƙi. Kai dai muryarka ta ba ta yi mani ba. An hana ka abinci?

SAHABI: Addu'a nike biɗa, Kaka. Gobe za ni tsaya gaban manyan malamai in kare aikina. Kuma aikin shina neman lalacewa.

TURAI: Wane aiki? Injin da kag girka muna cikin gida?

SAHABI: Shi na. Kin san gilashin sola ka ba shi wuta, shi jawo ruwan gulbi shi tace, shi tura hamhon ƙohwar gida inda unguwa ka ɗibar ruwa. To ba injin kaɗai na aikina ba. Na rubuta wata manhaja cikin kwamfuta, ita ka sauraren injin daga nan, in ya samu matsala ta hwaɗa mani ko mi na na, ba sai na zo ba.

TURAI: Ɗan leƙen asiri ke nan ka aje mani cikin gida.

SAHABI: Ruwa da wuta kurum take gani. To kullum in hantsi ya yi sai wutar ta hwaɗi, ruwa shi rage. Manhajar tac ce ba girgije ba na, don girgije wucewa shikai. Ba ƙasa ba ta, don ƙasa sannu take taruwa. Tac ce wani abu na aka ɗorawa bisa gilashin da hantsi, a ɗauke da marece. Wai kuma ranar kasuwar Goronyo ba a ɗorawa.

TURAI: Uhm.

SAHABI: Malamina, Dokta Lukman, da yag gani sai da yay yi dariya. Yac ce ina aka samun gilashin da yas san ranar kasuwa? Yac ce manhajar ta ruɗe, in cire ta daga aikin. In nac cire ta kuwa, Kaka, ba abin da yar rage sai hamho. Shekara guda za a ƙara mani.

TURAI: Dariya yay yi maka?

SAHABI: Gaban 'yan ajinmu. Na sa Baba Lawwali ya duba bayan magariba, yac ce gilashin tas shike, har ƙyalli shikai.

TURAI: To da ƙazanta za ya iske? Ni ka goge shi da kaina kullum. Kai dai Allah shi ba ka sa'a, ka bar wanga raki. Namiji da kai. Gobe in Sa'adu direba za ya shigo gari zan ba shi guro, busasshiyar kuɓewa, shi kawo maka, ka samu mai kaɗa maka miya. Guron bana ba ka taɓa ganin irinai ba. Ba tsakuwa, ba kashin kaji, kore shar.

SAHABI: Na gode, Kaka, amma ni yanzu ba miya ag gabana ba.

TURAI: Da can in nash shanya bisa tabarma, awakin maƙwabciyata Husainatu su cinye rabi, iska shi watsa ma rabi ƙasa. Yanzu ko akuya sai dai ta ɗaga kai ta yi kallo.

SAHABI: To, madalla... Tsaya. Kaka, ina kike shanya shi yanzu?

TURAI: Inda yad dace.

SAHABI: Ina na inda yad dace?

TURAI: Kai, tuhuma ta kakai? Ni nag goyi ubanka!

SAHABI: Don Allah, Kaka. Bisa mi?

TURAI: Bisa gilashin naka mana. Abu shimhiɗe, ga tsawo daidai ƙirjina, ga zahi kamar tanda, shina zaune cikin rana ba shi aikin komi.

SAHABI: Inna lillahi! Kullum?

TURAI: In hantsi ya yi. La'asar sakaliya in kwashe in goge.

SAHABI: Ranar kasuwar Goronyo hwa?

TURAI: Wa za ya tsare mani shi ina kasuwa? Ba ni shanya ranar.

SAHABI: Allahu akbar! Allahu akbar! Kaka!

TURAI: Mi na na? Kunama tac cije ka?

SAHABI: Ta yi gaskiya! Manhajar ta yi gaskiya! Ba ta ruɗe ba! Gilashin ba zaune shike ba, Kaka, hasken ranar nan da ka sauka bisanai shi shika maidawa wuta. In kin ruhe shi kin ruhe ma injin baki.

TURAI: To kai ka hwaɗa mani haka? Cewa kay yi kada yara su jehe shi, kada awaki su hau. Yaro ya jehe shi? Akuya ta hau?

SAHABI: A'a.

TURAI: To amana na riƙe ta. Kada ka kuskura ka ce na yi ɓarna.

SAHABI: Ba ki yi ba, wallahi gyara kinka yi! Yanzu guron na bisa?

TURAI: Shina nan, har da ɗan tattasai gehe guda.

SAHABI: Kada ki taɓa! Kada ki kashe wayar! Dokta na ohis ɗin kusa... Dokta! Ranka shi daɗe, don Allah zo ka ga wani abu!

TURAI: Alo? Sahabi? Ji yaro, ya bar ni ina magana da iska.

SAHABI: Ga ni, Kaka. Na buɗe murya, Dokta na ji, kwamfuta na gabanmu. Ki kwashe rabin guron kurum, rabin hannun dama.

TURAI: Bai bushe ba.

SAHABI: Kaka, shekara guda ta rayuwata!

TURAI: Naj ji. Bari in ɗauko hwaihwai. Wash, ƙahwar ga... Bismillahi. To, na kwashe.

SAHABI: Dokta, dubi layin! Dubi shina hawa! Ga shi ta rubuta da kanta, an ɗauke rabin abin da ar ruhe. Kaka, kwashe sauran!

TURAI: Kai ka cika gaggawa kamar kakanka. To, ga shi, tas.

SAHABI: Ya cika! Wuta ta cika!

TURAI: Kai, tsaya. Mi nike ji ƙohwar gida? Husainatu, lahiya? Wai hamho na ya ɓalle da ƙarhi, ya jiƙa ma ɗiyarta Adawiyya zane. Ku tara bokitai mana, kun tsaya kuna ihu! Sahabi, ruwa kamar bakin madatsa. Rabon da mu ga haka da rana tun watan da kat tahi.

DOKTA: Salamu alaikum, Hajiya. Lukman ne, malamin Sahabi. Ina wuni?

TURAI: Lahiya lau. Kai na mai dariyar?

DOKTA: Ni ne, Hajiya. Na yi kuskure, kuma na ga gaskiya da idona. Shekara da shekaru ina duba irin wannan aiki, ban taɓa ganin manhajar ɗalibi ta gano abin da mu duka muka kasa ba. Ba abin da zai cire. Gobe da wannan zai buɗe jawabinsa.

TURAI: Gaban 'yan ajinsu kay yi dariyar, ko?

DOKTA: Haka ne.

TURAI: To gabansu za ka hwaɗi wagga maganar, ba cikin waya ba.

DOKTA: In sha Allahu, Hajiya, yau ɗin nan.

TURAI: Madalla, kana da tarbiyya. Sahabi!

SAHABI: Na'am, Kaka.

TURAI: Kuka kakai?

SAHABI: A'a, dariya ta.

TURAI: Share idonka, kana gaban malaminka. Gobe ka sa hula, kada ka je musu da kai tsirara. In sun tambayi mai guron, ka ce Turai ta Kwargaba ta, kada ka ce wata tsohuwa.

SAHABI: Da sunanki zan hwara. Amma Kaka, daga yau gilashin...

TURAI: Na sani, ba sai ka koya mani ba. Ba ni hana unguwa ruwa don miya. Na bar muku shi. Amma kai malam, kana ji na?

DOKTA: Ina ji, Hajiya.

TURAI: Ku da kunka iya sa gilashi shi yi tsegumi tun daga Kwargaba har Sakkwato, ku ƙera mani wani wanda ba ruwanai da wuta, aikinai shanya kurum. Mai tsawo, inda akuya ba ta kaiwa.

DOKTA: Wallahi akwai irinsa, Hajiya, na busar da kayan miya. Zan ba wani ɗalibi wannan aikin a zango mai zuwa, sai mu zauna mu tsara...

TURAI: Ban san zango ba. Kahin tumatur shi nuna nike son shi. Husainatu, riƙe mani hwaihwan ga, kada ki zubar. Ku kashe wayarku, an kira azahar, za ni in yi alwala da ruwan jikana.